Zauren Taro a Gefen Tsohon Coci: Laccar da Aka Gabatar a Krofrom, Kumasi

    

Dattawan kwamitin gini sun neme ni in yi magana a kan mas'alar da ta daɗe tana yawo a bakin jama'ar unguwar nan, watau zauren taron da ake nufin ginawa domin ɗaurin aure da walimar sauka da zaman makoki da karatun manya da dare, a kan filin da ya haɗa iyaka da tsohon cocin nan da kowa ya sani. Tun da yake na ji ra'ayin jama'a ya rabu biyu, waɗansu na cewa a tara bulo a haƙa harsashi tun ruwa bai sauka ba, famit, watau izinin gini, ya biyo baya kamar yadda aka saba, waɗansu kuwa na cewa a dakata sai takarda ta fito ko da za ta shekara, to, ya kamata in faɗi inda na tsaya tun da fari, don kada a yi ta sauraro ana jiran a ga inda zan ɓullo. Ina tare da masu cewa a dakata. Dalilina kuwa ya wuce tsoron jan fentin da ma'aikatan KMA, majalisar birnin Kumasi, ke shafa wa bango suna umurnin a tsai da aiki a kawo famit, ko da yake shi ma abin gudu ne. Ni a ganina, abin da hukuma ke tambaya cikin takardunta, in aka tsame jinkiri da wahalar ofis, shi ne abin da fuƙaha'unmu suka daɗe suna tambayar mai gini, watau ko gininsa zai cuci wanda ya riga shi zama a wurin.

Kafin mu kai ga takarda, bari mu tuna a ƙasar wa muke, kuma wa ya riga wa. Sa'ad da Baturen Ingila Bowdich ya iso Kumasi a 1817, da kuma sa'ad da Dupuis ya biyo bayansa a 1820, dukansu sun tarad da Musulmi a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a, ana kuma shawara da su kan sha'anin arewa da cinikin goro na Salaga. Mishan kuwa ya fara leƙo garin ne a 1839, lokacin da Thomas Birch Freeman na ɗariƙar Methodist ya zo wurin Sarki Kwaku Dua na ɗaya, ya sake dawowa a 1841. Shi kuma Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda babban cocin Adum ke ɗauke da sunansa har yau, a ɗaure ya fara shiga Kumasi, domin mayaƙan Asante ne suka kama shi da matarsa a Anum cikin 1869, ba a sake su ba sai 1874, kuma bai sami kafa aikinsa a garin ba sai 1896, shekarar da Turawa suka kama Sarki Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa. Zangon da muka gada kuwa ya cika ya batse ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken Gwanja, da kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903. Saboda haka, da mai coci da mai masallaci, duk baƙi ne da Tonawa, watau mutanen Asante, suka ba masauki, kuma duk wanda ya san ladabin baƙunci ya san ba ya kyautu baƙo ya takura wa baƙo a gidan mai masauki.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai gini a Kumasi ya riƙa tunawa, shi ne garin nan, duk da tsufansa da girman sunansa, matalauci ne wajen tsofaffin gine-gine. Sojojin Turawa ƙarƙashin Wolseley sun ƙone shi sun rushe fadar a 1874, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya ƙara cin abin da ya ci, sa'an nan siminti da kwano suka gama da saura. Daga cikin salon ginin Asante na asali, mai bango mai ado da tsakar gida a tsakiya, abin da ya tsira bai wuce gidajen tsafi kamar goma ba a ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin su na Besease, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1980. Ita kanta ganuwar soja da ke Adum a 1897 aka gina ta, fadar Manhyia kuwa a 1925. Ke nan duk ginin da ya ga zamanin kakanninmu yana tsaye a garin nan ya zama shaida, ko da ba mu ne muke ibada a cikinsa ba, domin jikokinmu za su iya tsayawa a gabansa su ce a nan kakanmu ya bi yana tafiya kasuwa, kuma da shi ake kwatancen gidajenmu tun ba a raɗa wa tituna suna ba.

Na ji masu cewa takarda al'adar Nasara ce, iyayenmu da goro da shaidu suka karɓi filayensu, kuma ba wanda ya tashe su. Ina girmama masu wannan magana, amma tarihin Zango bai goyi bayanta ba. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, hukuma ta ɗora laifin a kan cunkoson gidaje, aka taɓa tsohon zango aka tsara sabo, kuma waɗanda aka tasa ba su da abin da za su nuna sai baki. A Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, kuma akwai dattawa a cikin wannan taro da suka ga yadda aka yi gwanjon gidaje da rumfuna, yadda mutumin da aka haifa a Kumasi ya hau mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Al'ummar da ta ga waɗannan abubuwa biyu ita ce ta fi kowa bukatar kowane bulo nata ya zauna a kan hujja rubutacciya. Allah Maɗaukakin Sarki da kansa, cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya yi umurni da a rubuta bashi a kafa shaidu, alhali kuwa masu mu'amalar sahabbai ne. In an umurci waɗannan da rubutu, ina ga mu?

To, mene ne hanyar? Farkonta ƙasa. Mafi yawan filayen Kumasi na gadon sarauta ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada, sai dai haya mai wa'adi, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba a ba shi fiye da shekara 50 a lokaci guda. Takardar rabon fili da sarkin yanki ke bayarwa mafari ce kawai. Sai an kai ta ofishin filaye na Asantehene, watau Sarkin Asante, a Manhyia, an haɗa ta da taswirar da safiyo mai lasisi ya auna ya sa wa hannu, an bincika a Hukumar Filaye an tabbata ba a riga an ba wani ba, sa'an nan za a ce jama'a na da abin riƙewa. A nan ina roƙon kwamiti da abu guda, shi ne ranar da safiyo zai kafa duwatsun iyaka a gayyaci dattawan coci su tsaya a kai, su ma su fito da tasu taswirar a gwama, domin filayen mishan na da sau da yawa sun fi abin da katangarsu ta kewaye faɗi, kuma ya fi sauƙi a gane haka da igiyar awo a hannu da a gane shi a gaban alƙali bayan an zuba dakin.

Bayan ƙasa sai tsarin gari. Dokar da Turawa suka kafa a 1945, shekarar da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana wa Kumasi tsarinta na birnin lambuna, ita ta yi ta aiki har 2016, lokacin da majalisa ta kafa doka mai lamba 925 kan amfani da ƙasa da tsara gari, tare da doka mai lamba 936 ta mulkin ƙananan hukumomi. A ƙarƙashinsu ba mai ikon ɗora gini sai da rubutaccen izinin majalisar yankinsa, kuma tun da aka yanke Asokore Mampong a 2012, aka sake yanke Tafo da Suame da waɗansu a 2018, ya zama dole mutum ya san ofishin da ya shafe shi. Mu nan Krofrom muna hannun KMA. Tambayar farko da sashen tsara gari zai yi ita ce ko an keɓe wannan fuloti domin gidan zama ne, ko makaranta, ko wurin taron jama'a. In na gidan zama ne, to, sai an nemi canjin amfani, kuma a wannan gaɓa ce ake jin ta bakin maƙwabta. Sa'an nan a kawo zanen gini da mai zane mai rajista ya sa wa hannu, da lissafin injiniya kan ginshiƙai da rodi da nauyin da ƙasa za ta ɗauka, da takardar 'yan kwana-kwana kan ƙofofin fita, da ta hukumar kare muhalli in an bukata. Ƙaramin kwamitin ma'aikata ya zo ya duba fili da ido, babban kwamitin tsara gari, wanda shugaban birni ke jagoranta, ya yanke hukunci.

Kada wani ya ɗauka lissafin injiniya ƙawa ce. A Nuwamban 2012 wani benen kanti ya rufta a Achimota ta Ankara, babban birnin ƙasar nan, mutum 14 suka rasu. A Oktoban 2020 kuma wani coci da aka daɗe ana ginawa a Akyem Batabi ya faɗa kan masu ibada, aka rasa rai fiye da 20. Zauren da muke nufi zai ɗauki mata da goyo da tsofaffi masu sanda a ranar biki, kuma wanda ya rage rodi ko ya ƙara yashi a kan siminti don a yi arha, jinin waɗannan yana wuyansa.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya bambanta filinmu da sauran filaye, watau maƙwabcin. Hukumar gidajen tarihi da abubuwan tarihi ta Ghana, wadda aka kafa a 1957, tana aiki da dokar 1969, kuma akwai jerin gine-ginen da aka ayyana a 1972 a matsayin kayan tarihin ƙasa, waɗanda suka haɗa da ganuwoyin bakin teku da gidajen Asante da tsofaffin masallatan arewa irin na Larabanga. Ba kowane tsohon coci ne ke cikin jerin ba, saboda haka wasiƙar farko da ya kamata sakatare ya rubuta ita ce zuwa ofishin hukumar a nan Kumasi, a tambayi matsayin wannan gini a sami amsa a rubuce. Amma ko an ce ba ya ciki, ina ba da shawara mu yi masa mu'amalar wanda ke ciki. Masana adana gine-gine da suka taru a Banis ta ƙasar Italiya a 1964 sun yi ittifaƙi a kan cewa kiyaye tsohon gini ya haɗa da kiyaye abin da ke kewaye da shi, don haka ba a yarda da sabon ginin da zai danne shi da girma ko ya ɓata kamanninsa da launi ba. Wanda ya bar bangon coci bai taɓa ba, amma ya ɗaga bene hawa uku a jikinsa har ya tare masa haske da iska, ya ɓoye hasumiyarsa daga titi, ya riga ya rushe rabinsa ko da bai ɗaga guduma ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurin almajirin Malikiyya. A birnin Tunis, cikin ƙarni na takwas na Hijira, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu rigimar gini ya kawo bayani, shi ne ya tara hukunce-hukuncen mazhaba da abin da ya gani da idonsa cikin littafin da ake kira Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Tushen littafin duka ƙa'ida ce guda da aka ciro daga hadisi, ta hana cuta da ramuwar cuta. A ƙarƙashinta ya yi bayanin hayaƙi da wari da ƙara, da tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, da ƙofar da aka buɗe daidai ƙofar maƙwabci, da indararon da ke zuba a bangon da ba naka ba. Akwai wani gwaji a ciki da nake so maginanmu su ji. In mutum ya yi ƙarar cewa dutsen niƙan maƙwabcinsa, wanda dabba ke juyawa, yana girgiza masa bango, sai a sami takarda a ɗaura mata zare a kusurwa huɗu, a rataye ta a rufin da ke kan wannan bango, a ɗora mata busasshiyar ƙwayar iri, sa'an nan a ce da mai niƙa ya kora dabbarsa. In ƙwayar ta motsa, an tabbatar da cuta, sai a hana. Ku duba irin wannan lura. Shekara ɗari bakwai ke nan, babu na'urar awo, amma alƙali bai yarda ya yi hukunci da zato ba.

Mu ɗauki wannan ma'auni mu aza a kan filinmu. Tsofaffin gine-ginen mishan, harsashinsu ba shi da zurfi irin na yau, kuma yawanci ba rodi a jikinsu, nauyin bango ne ke riƙe bango. In aka kawo motar haƙa ta yanke ƙasa tsaye a gefensa, aka bar ramin a buɗe ruwan Yuni ya cika shi, ƙasar da ke ƙarƙashin tsohon bango za ta saki, tsaga ta fara daga kusurwar taga ta gangara. In aka kawo injin daddaɓe ƙasa ya yini yana bugu, ƙwayar Ibnur Rami ba za ta zauna a kan takarda ba. Saboda haka a ja da baya daga iyaka fiye da abin da doka ta ƙayyade, a yi haƙan da ke kusa da hannu, a yi shi da rani, a zuba kankare da wuri. Mafi girman haɗari kuwa ruwa ne. Kumasi damina biyu gare ta, kuma duk wanda ya ga yadda rafin Aboabo ke shiga ɗakunan mutane ya san ruwan garin nan ba ya neman izini. Filin da yau yake shan ruwansa da kansa, gobe in an rufe shi da kwano da daɓen siminti, duk abin da ya sauka a kai sai ya nemi mafita, kuma in gangaren ya fuskanci coci, gindin bangonsa zai sha. Dole zanen ya nuna inda kowane indararo zai zuba, da kwatar da za ta ɗauke ruwan har ta sada shi da babbar kwatar titi.

Muna da darasi a gida kan abin da danshi ke yi wa tsohon gini. Cikin shekarun 1970 aka shafe masallacin Larabanga da siminti, da kyakkyawar niyya, don a huta da yaɓen kowace shekara. Simintin ya kulle danshi a cikin bangon ƙasa, gara ta shiga itatuwan, ginin ya yi ta ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi, har hadari ya kada wani sashe nasa. Sai da aka sa shi cikin jerin gine-ginen duniya masu bukatar ceto a 2002, aka ɓamɓare simintin aka koma ga yaɓen gargajiya, sa'an nan ya farfaɗo. A Zariya kuma, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa, an rufe abin da ya rage nasa cikin sabon gini a shekarun 1970, har mai wucewa ba zai san abin da ke ciki ba. Duk waɗannan masu ƙauna ne suka yi su, ba maƙiya ba, kuma abin da ya sa nake jin tsoron gaggawarmu ke nan. A Navrongo kuwa, inda cocin Katolika mai ginin ƙasa yake tun farkon ƙarni na 20, wanda matan Sirigu suka yi wa ado a ciki da irin zanen ɗakunansu, da jama'a ta yi yawa sai aka gina sabo dabam aka bar tsohon a tsaye, ga shi yau baƙi na zuwa ganinsa daga ƙasashe.

Sai ƙara, wadda ita ce na fi zaton za ta kawo saɓani, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ma'aunin hukuma a unguwar zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare, kuma gaskiya ita ce da lasifikar wa'azinmu da gangunan ibadarsu duk sukan wuce wannan. Maganin yana cikin zane tun kafin a kai ga rigima. A juya ƙofar zaure da manyan tagoginsa su bar fuskar coci, a sa ɗakin ajiya da ofis a ɓangaren da ke jikinsa su zama shamaki, a kai janareta da makewayi can ɗaya gefen, a tanadi wurin ajiye motoci don kada mahalarta ɗaurin aure su toshe ƙofar masu ibada ran Lahadi da safe, wadda ita ce ranar da muka fi yin bukukuwanmu a Zango. Su ma sai a roƙe su su san lokacin sallar Juma'a da darare goma na ƙarshen azumi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so a ɗauka daga laccar nan, shi ne a je wurin dattawan coci kafin a je ofis. Kada su fara jin labarin zaurenmu daga bakin ma'aikacin majalisa ko daga ƙarar tifa tana juye yashi. A tashi tawaga ta mutunci, da liman da wakilin sarki da magajiya, a tafi da zanen a shimfiɗa musu a kan tebur, a ce ga abin da muke nufi, ina abin da zai dame ku? Sa'an nan injiniyanmu da nasu su zagaya cocin tare, a ɗauki hoton kowace tsaga da ke jikinsa yau, a auna ta, a rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu ya riƙe kofi. Wannan takarda kariya ce gare su in aikinmu ya yi ɓarna, kariya ce gare mu in an ɗora mana tsagar da ta girme mu. Wasiƙar rashin ƙorafi daga maƙwabci kuma, in ta shiga cikin fayil, tana sauƙaƙa wa kwamitin birni hukunci ƙwarai.

Na san akwai wanda zuciyarsa ke raya masa cewa wannan ƙasƙantar da kai ne ga wanda ba addininmu ɗaya ba. Ina tuna masa cewa malamai sun kasa maƙwabta kashi uku, kuma wanda ba Musulmi ba, ba dangi ba, yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke. Ina tuna masa aya ta 40 cikin Suratul Hajji, inda aka ambaci wuraren ibadar ruhubanawa da na Nasara da na Yahudu tare da masallatai a jere, cikin abubuwan da rushewarsu ɓarna ce a bayan ƙasa. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa da Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ya karɓi Baitil Muƙaddas, lokacin salla ya riske shi a cikin babban cocin garin, limamin Nasara Safroniyus ya ce ya yi sallarsa a nan, sai ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmin baya su kafa hujja da sallarsa su karɓe wurin. Masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan yau daura da harabar cocin, kowanne da ƙofarsa. Wanda ya ci gari da yaƙi ke nan ya yi wa ginin wasu wannan tsinkaye. Mu da muka zo da fatauci, a ƙasar da Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya taka da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Ankara a 2019 don ƙarfafa zumunci, ba mu da uzurin yin ƙasa da haka. Ku sani kuma, akwai garuruwa a ƙasar nan inda masallacin ne tsoho, cocin ne ke neman fili a gefensa, kuma abin da muka yi a Krofrom za a ba da labarinsa a can.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar ofis tana da gajiya. Fayil kan kwanta, a ce a dawo mako mai zuwa, wani kuma ya matso ya ce shi ya san gajeriyar hanya in an ba shi na goro. Ina gargaɗin kwamiti da babbar murya, kuɗin nan na marayu da zawarawa da 'yan kasuwa ne da suka cire daga bakinsu, amana ce, kuma rashawa haramun ce ga mai bayarwa da mai karɓa. Famit ɗin da aka samu ta bayan gida ma ba ya tsayawa ranar da aka kai ƙara. A biya kowane kuɗi a inda aka ce a biya, a karɓi rasit, a rubuta ranar da aka miƙa takardu, a wakilta mutum biyu masu haƙuri su riƙa bibiya, a kuma sa ɗan majalisar unguwa a cikin maganar tun farko, domin aikinsa ke nan.

Kada kuma a karɓi izini alhali asusu ba kome. Famit yana da wa'adin shekara 5, kuma ba sai na kai ku nesa neman misalin ginin da aka fara ba a gama ba, ga kasuwar Krofrom nan da aka soma a 2007, ta shafe fiye da shekara goma ciyawa na cin ginshiƙanta. Kango a gefen coci, da rodi a tsaitsaye da ruwa kwance yana tara sauro, shi ma cuta ce da za a tambaye mu a kanta. Gara a zana zaure hawa ɗaya wanda ƙarfinmu zai kai, a gama shi a rufa, da a zana bene a bar wa 'ya'ya. Akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, ana iya kai masa buƙata, kuma shi ma abin da zai fara tambaya takardun fili ne da izini.

Abu na ƙarshe ya shafi suna. Kada a rubuta fili ko famit da sunan mutum guda, kome amincinsa, domin mutum na mutuwa, magada kuma ba su san alkawarin da aka yi da baki ba. A yi wa jama'a rajista a matsayin amintattu, a rubuta sharuɗɗan wakafin a fili, wa ke riƙe makulli, wa ke karɓar kuɗin haya, ina ake kai shi. In an gama gini a nemi takardar shaidar cewa ya cancanci a shiga kafin a yi taron farko. A yi kofi uku na dukan takardun, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin sarki, ɗaya a banki, tare da yarjejeniyar da aka yi da dattawan coci da hotunan da aka ɗauka.

Allah ya sa mu ga gamawarsa lafiya.